Yadda Ake Gasa Kukis Ɗin Ots da Zabibi Mai Laushi da Danƙo a Gida

Hannunmu ya saba da cincin. Mun tashi mun ga ana soya shi har sai ya yi ƙarau, a juye a bokiti ya yi wata guda yana nan yadda yake. Haka dublan, haka biskit ɗin kanti. Shi ya sa da yawa daga cikin masu gwada kukis ɗin ots da zabibi karon farko suke fito da abu mai tauri kamar ƙuli-ƙuli, sai su ce girkin bai karɓe su ba. Girkin lafiyarsa lau. Barinsa aka yi a wuta har ido ya gamsu, alhali shi wannan kukis ana sauke shi ne tun ido bai yarda ya gasu ba. Wanda aka yi daidai, gefensa kaɗai ke da ɗan ƙarfi. Tsakiyarsa taushi ne da danƙo, idan kin lanƙwasa shi sai ya ɗan bi hannu kafin ya rabe biyu.

Abincin Amurkawa ne. Su kuma sun gaji cin ots daga mutanen Sikotland, waɗanda ke gasa wata busasshiyar waina da shi ba zaƙi. A Amurka aka ƙara masa sukari da bota da kirfa da zabibi, kamfanin Quaker kuma ya riƙa buga yadda ake yi a jikin kwalin ots ɗinsa har ya shiga gidaje. Mu nan mun fi sanin ots a matsayin abin damawa da safe kamar kunu, a zuba madara a sha. To shi ɗin dai ne za mu gasa.

Abubuwan da za ki tanada, na kukis kamar 28 zuwa 30:

Bota, giram 225 (kofi 1)
Mazarƙwaila gogaggiya ko jan sukari, giram 200 (kofi 1 a danne)
Farin sukari, giram 50 (kwatan kofi)
Ƙwai manya 2
Fanila, ƙaramin cokali 2
Fulawa, giram 190 (kofi 1 da rabi)
Bekin soda, ƙaramin cokali 1
Garin kirfa, ƙaramin cokali 1 da rabi
Gishiri, rabin ƙaramin cokali
Ots, giram 255 (kofi 3)
Zabibi, giram 150 (kofi 1)

Kofin da nake nufi shi ne na awo mai cin mililita 240. Idan da ƙaramin gwangwanin madarar ruwa kike awo, ki sani bai kai kofi ba, sai kin yi ɗaya da rabi kafin ya kusa. Mai sikelin kicin ta huta da wannan lissafi, kuma ina ba kowa shawarar ta saya, domin fulawa ita ce ta fi ruɗi. Kofi ɗaya da aka cusa cikin buhu aka danno zai iya ɗauko fulawar da ta zarce abin da ake so nesa ba kusa ba, kuma ƙarin nan shi ke busar da kukis. In ba sikeli, ki tankaɗe fulawar, ki riƙa ɗiba da cokali kina zubawa a kofin har ya cika, sannan ki share saman da bayan wuƙa. Kada ki danna, kada ki girgiza.

Kafin a kunna wuta, bari mu tsaya kan kayan, don rabin aikin a kasuwa ake gama shi.

Ots iri-iri ne. Akwai mai faɗin ƙwaya wanda aka turara aka murje shi ya baje, kina iya ganin kowace ƙwaya daban. Shi ne na wannan aiki, shi ke ba da abin taunawa. Akwai wanda aka ƙara yankawa ƙanana don ya yi saurin dahuwa, shi ne aka fi samu a kantunanmu cikin gwangwani ko leda. Shi ma yana yi, sai dai ya fi shan ruwa, kukis ɗin zai fi tashi sama ya ɗan rage danƙo. Idan shi kika samu, ki rage babban cokali 2 daga fulawar. Wanda ya zama kusan gari, na ƙananan ledoji da aka riga aka haɗa da sukari da madara, ki bar shi wa kunun yara.

Sai sukari, kuma a nan nake so ki saurare ni da kyau. Abin da ke riƙe laushin wannan kukis shi ne ruwan rake mai duhu da ke jikin jan sukari. Yana jawo danshi ya riƙe shi, yana kuma da ɗan tsami wanda ke haɗuwa da bekin soda ya tayar da kwaɓin. Farin sukari aikinsa daban: shi ke sa kukis ya baje, gefensa ya yi ƙaras. Don haka jan ya ninka farin sau huɗu a awonmu. Jan sukarin kanti yana da tsada, wani lokaci ma ki zagaya ba ki samu ba. Amma mu da muke da mazarƙwaila ba mu da dalilin wahala, domin ita ruwan rake ce zalla da aka dafa har ta daskare, ba a cire mata komai ba. Ni a bakina ta fi jan sukarin kanti ƙamshi, tana kawo wani ɗanɗano mai zurfi da ke tafiya da kirfa sosai. Ki zaɓi mai tsabta, mai haske-haske, wadda ba ta ƙone ba wajen dahuwa. Ki ɗan gutsura ki tsotsa, in kin ji yashi-yashi a haƙori ko ɗaci, ki nemi wata. Ki goge ta a magogi ta gefen ƙananan ramuka, in akwai gudaji ki daka su a turmi. Wannan gugar kada ki yi mata ha'inci, saboda duk gudan da ya tsira zai narke a wuta ya bar rami mai danƙo a jikin kukis, ya kama tire.

Bota ta gaske, wadda ake sayarwa a dunƙule cikin takarda, ita ta fi daɗi. Majarin na gashi, wanda masu kek ke saye, shi ma yana yi. Wadda ba na so ita ce mai laushin nan ta roba da ake shafawa a burodi, ruwanta ya yi yawa, kukis zai malale a tire. Man shanu soyayye kuma ba ruwa a cikinsa ko kaɗan, ƙamshinsa ma zai danne na kirfa, don haka a ajiye shi wa tuwo. In botarki mai gishiri ce, ki rage gishirin zuwa ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka.

Bekin soda da bekin foda ba abu ɗaya ba ne, ko da yake a kanti sau da yawa ana miƙo wa mutum ɗaya a madadin ɗaya. Soda ta fi ƙarfi kusan sau uku, ita ke sa kukis ya baje ya yi launin zuma. Foda za ta ba ki abu fari mai kumburi kamar ƙaramin kek. Ki gwada taki: ɗiga mata ruwan lemun tsami a cokali, in ta taso da kumfa nan take tana da rai. Kanwa ba ta maye gurbinta.

Yanzu aiki.

Fara da zabibi. Ki baza shi a faranti ki tsince ƴan tsinkayen da ke maƙale a jikinsa, ki duba ko mai ƙwallo ne, domin marar ƙwallo ake so. Baƙi ko ruwan zuma, duk ɗaya. Ki wanke shi, ki zuba masa ruwan zafi ya rufe shi, ki bar shi minti 10. Za ki ga ya kumbura, tamojinsa ya saki. Ki tsane a rariya, ki baza a kan tsumma mai tsabta ki goge shi har ya daina jiƙa hannu. Dalilin jiƙon shi ne busasshen zabibi yana zuƙe danshin kwaɓi, wanda ya leƙo sama kuma ya ƙone ya yi ɗaci. Dalilin gogewar kuma, ruwan da ya rage a jikinsa zai saki kwaɓin. Na Makka da alhazai ke kawowa tsaraba tare da dabino yakan daɗe a ajiye ya bushe ƙamas, shi ki ba shi minti 15.

Sai bota. Ana so ta yi laushin da in kin danna da yatsa zai shiga ya bar gurbi, amma ba ta fara ƙyalli ko tsatsafo da mai ba. A lokacin hunturu tana iya ɗaukar awa guda a waje kafin ta kai haka. A zafin Maris da Afrilu minti 10 zuwa 15 ya isa, in kika juya baya kaɗan ta narke. Idan ta narke, ki mayar da ita firji ta ɗan kama jikinta, kada ki ce ai duk ɗaya ne. Narkakkiyar bota ba ta riƙe iska, kukis ɗinta kuma shimfiɗewa yake kamar wainar fulawa.

Ki zuba botar a roba mai faɗi tare da mazarƙwaila da farin sukari, ki buga. Da na'urar bugu minti 2 zuwa 3 ne, da muciya ko ludayin katako kamar minti 6. Za ki ga launin ya sauya daga duhu zuwa ruwan ƙasa mai haske, haɗin ya yi sulɓi ya ɗan ƙaru. Nan za ki tsaya. Ba kek muke yi ba da ake bugawa har sukari ya ɓace, in iska ta yi yawa kukis zai kumbura a wuta sannan ya faɗa.

Ki fasa ƙwai ɗaya a ƙaramin kofi ki duba lafiyarsa, ki zuba, ki juya har ya shige. Sannan na biyu, sannan fanila. Ƙwan kada ya zama mai sanyin firji, don yana daskarar da bota haɗin ya tsinke kamar madarar da ta yanke. In kina son danƙon ya ƙaru, ki ƙara ƙwaiduwa ɗaya ban da farin. Ni kullum ina ƙarawa idan da ƙananan ƙwai na yi.

A wata robar ki tankaɗe fulawa da soda da kirfa da gishiri tare, don sodar ta watsu ko'ina. Wanda ya taɓa cin karo da gudan soda a bakinsa ya san ɗacin sabulun da nake gudu. In kina son gyaɗar ƙamshi ki goga kaɗan, kamar kwatan ƙaramin cokali. Ki juye wannan garin cikin haɗin botar, ki ajiye na'ura, ki koma muciya. Juyawa za ki yi a hankali daga ƙasa zuwa sama, ba tuƙin tuwo ba. Fulawa in ta jiƙa aka yi ta murza ta, tana yin igiya irin ta kwaɓin burodi, kukis ya fito da tauri. Tun kina ganin ɗan farin gari nan da can, ki zuba ots da zabibi, ki ƙarasa juyawa har komai ya haɗu. Kwaɓin zai yi kauri, ya yi nauyi a muciya, yana kama hannu. Haka ake so. Kada ki ƙara fulawa don kin ga yana manne miki, kada kuma ki ƙara ruwa ko madara.

Ki rufe robar ki sa a firji na minti 45 zuwa awa 1. Mutane da yawa suna tsallake wannan don gaggawa, ni kuma ina ganin shi ne mataki na biyu a muhimmanci bayan lokacin saukewa. Abu biyu ke faruwa a wannan hutun. Bota tana sake daskarewa, don haka kukis ba zai baje ba kafin ya kama. Ots kuma yana shan danshin ƙwai da sukari a hankali, ya yi taushi tun kafin ya ga wuta. In ya kwana a firji ma ya fi ƙamshi, sai dai ki fito da shi ya sha iska minti 20 kafin ki iya ɗiba. Idan ba wuta, ki sa robar a cikin kula da ƙanƙara a gefe, ko ki ɗora ta cikin babbar roba mai ruwan randa a wuri mafi sanyi a gidan, ki kuma zaɓi yin aikin da sassafe ko bayan isha'i.

Saura minti 15 hutun ya cika, ki kunna obin a digiri 175 zuwa 180 na ma'aunin Celsius. A na gas mai lambobi, lamba 4 ke nan. Wanda ba shi da lamba ko ɗaya, ki sa wutar tsaka-tsaki, ki barbaɗa cokalin fulawa a tire ki saka. In ta yi launin zuma cikin minti 5 zafin ya yi daidai, in ta yi baƙi-baƙi ya yi yawa. Ki shimfiɗa takardar gashi a tire. In babu, shafa bota sama-sama ki barbaɗa fulawa ki kakkaɓe, don mai in ya yi yawa a tire soya ƙasan kukis yake yi.

Ki riƙa ɗibar kwaɓin kamar babban cokali 2, giram 40 ke nan, girman ƙaramin lemun tsami. Ki mulmula shi sama-sama, ki ajiye a tsaye, ki ɗan taɓa kansa da tafin hannu ba tare da kin baje shi ba. Ki bar tazarar yatsu uku tsakaninsu. Zabibin da ya fito tsirara a sama ki tura shi ciki da yatsa. Ina roƙonki ki fara gasa guda biyu kacal. Kowane obin da halinsa, waɗannan biyun su za su gaya miki na naki. In sun malale sun yi fele-fele, kwaɓin na son ƙarin sanyi, ko ki ƙara masa babban cokali 2 na fulawa. In sun tsaya a dunƙule ba su motsa ba, ki ƙara danna na gaba.

Tire ɗaya a lokaci guda, a layin tsakiya. Minti 11 zuwa 13. In obin ɗinki ya fi cin gefe ɗaya, ki juya tiren a minti na 7.

Ga wurin da ake faɗuwa. A minti na 11 ki buɗe ki duba. Gefen kukis ya yi launin ƙasa, ya kama, in kin taɓa shi da yatsa ba ya lotsawa. Tsakiyar kuwa ta kumbura, tana da haske, tsakanin ƙwayoyin ots kina hango wani ɗan danshi kamar bai nuna ba. Zuciyarki za ta ce a ƙara masa minti uku. Ki fito da shi a haka. Tiren yana da zafi, kukis ɗin ma yana ɗauke da zafi a cikinsa, gashin zai ci gaba a waje. Ki bar su a kan tiren minti 5 ba ki taɓa ba, za ki ga tsakiyar ta sauka, ta yi ƴan tsage-tsage, danshin nan ya ɓace. Abin da kawai za ki guje wa shi ne tsakiya mai ƙyalli kamar ruwa, wannan yana son minti ɗaya ko biyu. Ranar da na fara yi wa baƙi, na bar tiren farko har saman ya yi ja ko'ina don ina tsoron a ce ɗanye ne. Da ya huce sai da aka tsoma a shayi kafin a ci. Tire na biyu na sauke a minti 12 ina ɗar-ɗar, shi ne aka cinye kafin a sha ruwa.

Bayan minti biyar ɗin ki ɗauke su da faffaɗan cokali ki jera a kan raga, ko a faifai mai tsabta, iska ta ratsa ƙasansu. Kada ki ɗora sabon kwaɓi a tire mai zafi, botar za ta narke tun kafin ya shiga obin. Ki bar shi ya huce, ko ki zuba wa bayansa ruwa ki goge. Sauran kwaɓin kuma ya jira a firji tsakanin tire da tire.

Wadda ba ta da obin ba a bar ta a baya ba, gashin tukunya yana yi. Ki samu tukunya mai faɗi mai kaurin gindi, ki zuba wankakken yashi busasshe ko gishiri, kaurin yatsu biyu. Ki ɗora ƴan duwatsu uku masu tsayi ɗaya ko wayar ɗora tukunya, ki rufe, ki bar ta ta yi zafi minti 15 a wuta tsaka-tsaki. Sannan ki ɗora farantin ƙarfe mai kukis huɗu ko biyar a kan duwatsun, yadda bai taɓa yashin ba, ki rufe da murfin da ya zauna sosai. A nan zafin daga ƙasa yake zuwa, don haka saman ba zai yi ja ba ko kin jira, kuma jiran ne ke ƙona gindin. Ki ɗaga ɗaya da cokali ki leƙa ƙasansa daga minti na 14, yawanci tsakanin 15 da 20 yake yi. In a gawayi kike, ki rage na ƙasa, ki ɗora ƴan garwashi a kan murfin, shi zai ba saman launi. Duk buɗewar da za ki yi ki goge gumin da ya taru a cikin murfin don kada ya ɗiga.

In zabibi ya yi tsada ko yara ba sa so, dabino mai laushi da aka cire wa ƙwallo aka yanka ƙanana yana zama a gurbinsa, awo ɗaya. Tun da ya fi zaƙi, ki cire farin sukarin rabi. Soyayyar gyaɗa da aka ɓarza, rabin kofi, tana shiga lafiya, haka busasshiyar kwakwa. Kada dai ƙarin duka ya wuce kofi ɗaya da rabi, in ba haka ba kwaɓin ba zai iya riƙe su ba, kukis ya riƙa wargajewa.

Sai sun huce sarai za ki adana, in da sauran ɗumi za su yi gumi su lalace. Ki jera a roba mai murfin da iska ba ta shiga, ki jefa yankan burodi ɗaya a ciki. Sukarin kukis zai riƙa jan danshin burodin, washegari ki tarar burodin ya bushe su kuma suna nan da taushinsu. Ki canja burodin bayan kwana biyu. A hunturu wannan dabara dole ce, domin iskar lokacin tana busar da kukis ɗin da aka bari a buɗe cikin yini ɗaya. A damina kuma ki bar burodin, danshin gari ya wadatar, ki dai cinye cikin kwana huɗu zuwa biyar. Mai firiza da wuta tsayayya tana iya mulmula ɗanyen kwaɓin, ta daskarar da shi a tire, ta juye a leda ta ɗaure. Yana kai wata uku. Ranar da baƙo ya yi sallama, a ɗauko shida a jera a tire daga firiza kai tsaye, a ƙara minti 2 a kan lokacin gashi, kafin ruwan shayi ya tafasa a haɗa ƙamshin kirfa ya riga ya kai zaure.